Lambar Yabon Maman 'Yan Biyu

Shekara shida na yi a Kuala Lumpur, kuma in ka cire ma'aikatan shige da fice da masu kiran layi a asibiti, ban tuna mutum ɗaya da ya kira ni da sunan da aka yanka mini rago da shi ba. Abin bai taɓa damuna ba, don a gidanmu ma haka na tashi. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, saboda haka Baba bai taɓa furta shi ba. "Uwata" yake ce mini, sauran 'yan gida kuma kowa da laƙabin da ya ga dama. Da na yi aure maigidan ya ɗora daga inda suka tsaya, daga "ke" sai "kina ji", in kuma da baƙi a falo sai gyaran murya. Da Allah ya ba mu tagwaye shi ke nan, na zama Maman 'yan biyu a bakin babba da yaro.

Karatun digiri na uku ne ya kai maigidan can. Ni kuma na bi shi da bizar rakiya, wadda aka buga wa hatimi cewa ba a yarda in yi aiki ba. Kafin nan ungozoma ce ni a asibiti a Kano, da takardata da fararen kayana. Baba bai so tafiyar ba. Shi ya tsaya kai da fata sai da na yi wannan karatu, domin kakar tawa ita ce ungozomar unguwarsu, rabin mutanen layin a hannunta suka faɗo. Ranar da na je sallama bai hana ni ba, amma ya ce, "To uwata, sai a je a zauna a ɗaki ke nan." Maganar ta bi ni har cikin jirgi. Bayan haka duk wayar da muka yi sai ya tambaye ni, wai cikin wasa, ko har yanzu ana nan ana gadin ɗaki.

Ban yi gadin ɗaki ba. Wata uku da zuwanmu matar wani ɗalibi a benenmu ta fara naƙuda da rana tsaka, mijin yana ajin da ba a ɗaga waya, ita kuma ba Turanci ba yaren ƙasar. Na saka hijabi na kai ta. Daga ranar lambata ta shiga hannun mata. Duk wadda aka kawo daga gida da ciki, ko ta samu a can, sai a ce mata ta nemi Maman 'yan biyu. Ni ce rakiyar awo, ni ce tafinta, ni ce mai gaya wa likita cewa yarinyar nan da take ce masa "ba komai" tana murmushi, ciwo ne yake cinta, kunya ce ta hana ta faɗa. Ban taɓa taɓa mai haihuwa a asibitinsu ba, na san iyakata. Amma in an sallame su aiki ya dawo kaina, domin babu uwa babu gwaggo a kusa.

Wankan jego a hawa na goma sha wani abu ba ƙaramin aiki ba ne. Babu murhu, babu garwa, sai tukunyar biki da nake ɗorawa a kan gas in ja ta zuwa banɗaki da tsumma. Ganyen darbejiya kuwa na sha yawo kafin na gano shi a unguwar Brickfields, wajen Indiyawa masu sayar da furanni a bakin wurin ibadarsu. Wata tsohuwa a cikinsu har ta saba da ni, tana hango ni sai ta fara ɗaure ganye tana cewa, "Wani jariri kuma?" Kanwa sai na roƙi 'yan kasuwarmu na Chow Kit su saƙo mini a kaya. A kasuwar nan na koya wa matan aure da yawa inda ake samun kuɓewa da tsamiya da garin shinkafar da ba ya caɓewa in an tuƙa, da yadda za su ce a rage musu ba tare da an yi musu kallon baƙi ba. Mazajensu suna can suna rubuta littattafai, hankali kwance.

Ban yi don a yaba ba, Allah shi ne shaida. Amma ba zan yi ƙarya ba, ranar da matar shugaban ƙungiyar ɗalibanmu ta raɗa mini cewa a walimar shekara za a karrama ni, bakina ya ƙi rufuwa. Matan ne suka taso mazajensu a gaba. Suka ce kullum ana ba wanda ya shirya ƙwallo da wanda ya kai mutane yawon buɗe ido, wadda ta yi musu wankan jego fa? Aka ce za a ba ni allo irin wanda ake bayarwa, katako mai sheƙi da farantin ƙarfe a tsakiya, kuma wata babbar jami'a daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje ita za ta miƙa.

Ko gida ban ƙarasa ba na kira Baba. Ƙanwata ce take riƙe masa waya, don shi har yau in ya riƙe goshinsa kawai ake gani. Na gaya masa. Ya ce, "Jami'ar ce da kanta?" Na ce ƙungiyar ɗalibai ce, amma a cikin jami'a za a yi. Ya ce, "To. In an bayar a nuna mini in gani da idona." A muryarsa na ji cewa kafin la'asar duk majalisarsu ta sani. Abin da nake so ke nan, abu ɗaya da zan ɗaga wa Baba ya karanta, ya san karatun da ya sha wahala a kai bai ruɓe a ɗaki ba.

Ranar walima, kamar kowace shekara, girki a kaina yake. Babu wanda ya ga wani abu a cikin haka, har da ni. Tun safe muke suyar masa ni da mata huɗu, ga miyar taushe da kabewar da na ɗauko daga Chow Kit a jirgin ƙasa mai bi ta saman gada, tana neman tsinke mini hannu. Da azahar muka kai kaya zauren. Na shiga banɗaki na canza zuwa sabuwar atamfata, wadda na ajiye tun daga gida ban taɓa sawa ba, na fesa turare don kashe ƙaurin mai. Maza suna gaba a kujeru, mu mata muna baya kusa da teburin abinci tare da yara, yadda aka saba.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, kowa ya gode wa kowa. Aka ba na ƙwallo nasa. Sai sakataren ƙungiya ya gyara tabarau ya fara karanto ayyukana, kuma wallahi ya karanto su da kyau, har da darbejiyar. Mata suka fara zungurina. Na miƙe, na gyara mayafi, na fara takawa ta tsakanin kujeru. Zauren yana da tsawo. Ina tsakiya na ji ya ce, "Wannan lambar yabo ta matar Dokta ce," sai ya faɗi cikakken sunan maigidan, da na mahaifinsa, da na garinsu. Dokta suke ce masa tun bai gama karatun ba.

Maigidan yana sahu na biyu. Ya ji sunansa a lasifika, na kusa da shi suka dafa kafaɗarsa, ya miƙe. Jami'ar nan, baiwar Allah, ba ta jin Hausa. Ta duba allon ta ga sunan namiji, ta ga namiji ya taso yana murmushi, ta miƙa masa da hannu biyu tare da ɗan rusunawa. Mai hoto ya ɗauka. Aka yi tafi. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar zaure cikin sabuwar atamfa, ban isa gaba ba, ban san yadda zan koma baya ba. Ina nan tsaye wani da ya zo a makare ya tsaya kusa da ni ya ce, "Maman 'yan biyu, sannu da aiki. Akwai sauran masa kuwa?"

Na ce akwai. Na koma na zuba masa. Har yau in na tuna cewa na zuba masa masar nan raina yana ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

A mota maigidan ya miƙo mini allon yana fara'a, wai ga kayana. Na karanta. A saman ƙarfen tambarin ƙungiya, a ƙasa godiya da Turanci mai daɗi, a tsakiya da manyan baƙaƙe sunansa, gabansa an ɗan maƙala kalmar da ke nuna matarsa ce. Sunana babu ko harafi. Na ɗora shi a cinya har gida. Yara suna baya suna gardama da Turanci a kan wanda zai riƙe shi.

Da muka shiga na ce, "Baban 'yan biyu, wa aka karrama yau?"

Ya ce, "Ke mana. Kowa ai ya san ke ce."

"To ina sunana?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Haba, ai ni da ke duk ɗaya ne."

Na ce, "Madalla. In an ba ka takardar digirinka sai mu kai a goge naka a sa nawa, tunda ɗaya ne."

Bai yi dariya ba, ni ma ba wasa nake ba. Da na matsa masa sai gaskiya ta fito, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Sakatare ya je ba da aikin allo a wani shago a Brickfields, mai shago ya nemi suna, sai ya ga bai sani ba. Ya kira matarsa, wadda na yi wa wankan jego sau biyu. Ta ce, "Maman 'yan biyu mana," sai ita ma ta ga ba ta sani ba. Aka tambayi matar shugaba, haka. To kuma namiji ba ya tsayawa gaban ɗan'uwansa ya ce yaya sunan matarka, nauyi abin yake yi. Sai suka bi ta gefe, suka ce, "Dokta, yaya kake ganin za a rubuta?" Shi kuma gogan naku, da ya buɗe baki ya faɗi sunan matarsa a gaban maza gara ya haɗiye harshensa, sai ya ce su rubuta yadda suka ga ya dace. Maza huɗu masu neman digiri na uku, masu binciken da ake bugawa a duniya, sun kasa binciko sunan mace ɗaya da lambarta take cikin wayar kowannensu.

Washegari ƙanwata ta turo saƙo, Baba yana tambayar hoto. Na ce ba a turo ba tukuna. Ƙarya nake, hoton yana dandalin ƙungiya na WhatsApp tun ranar: maigidan da jami'a, allo a tsakaninsu, can a gefe in ka ƙura ido za ka ga gefen mayafina. Me zan nuna wa Baba? Surukinsa ya tafi karatu ya samo lambar yabo, 'yarsa kuma tana gefe, daidai abin da ya faɗa ranar sallama. Kwana uku ina kauce wa wayarsa, abin da ban taɓa yi ba.

Maigidan ya ce shi zai kai shagon da kansa a canza, ba sai kowa ya ji ba. Na ce a'a. Allon da mijina ya gyara a ɓoye ba karramawar ƙungiya ba ce, kwalliyar falo ce. Waɗanda suka yi ɓarnar su za su gyara, kuma sai sun ji daga bakina.

Shugabannin suna zama duk Lahadi bayan la'asar a wani shagon mamak kusa da jami'a, irin wuraren shan shayi na Indiyawa Musulmi, teburi a waje ƙarƙashin rumfa. Mace ba ta zuwa zaman, ba don an hana ba, don dai ba a taɓa yi ba. Na saka allon a jaka na tafi. Maigidan ya biyo ni a baya kamar wanda za a kai wa allura. Suna ganina suka fara miƙewa, ana jawo kujera, "Hajiya, sannu da zuwa, bismilla, makan dai? A kawo abinci?" Na ce na ƙoshi. Na ciro allon na ajiye a tsakanin kofunan shayi.

Na ce, "Na kawo muku kayanku. Kun ba Dokta, Dokta kuma bai taɓa dafa ruwan jego ba."

Shugaba ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, wallahi ba raini ba ne. Girmamawa ce ta jawo. Kin san al'adarmu, mun ji nauyin..."

Na ce, "Malam, na san al'adarmu, a cikinta na tashi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, amma shi ya raɗa mini shi. Ku ba ɓoyewa kuka yi ba, ba ku sani ba ne. Ranar da iyalinka ta zube a bakin lif, kana ɗakin gwaji waya a kashe, ba ka ji nauyin cewa ni na kai ta ba. Takardar karɓarta a asibiti tana gidanka, cikin jakar katin rigakafin yaron. Buɗe ka gani, akwai sunan wanda ya kawo ta, da hannuna na rubuta. Shekara biyu yana kwance a ɗakinka."

Ya sunkuyar da kai. Sakatare ya ce, a hankali, "Sorry, Hajiya, mistake ne, za mu yi correcting. Ki turo wa madam ta WhatsApp, sai ta ba ni."

Nan ne na fusata. Har yanzu ta bayan gida ake so a bi. Na ce, "Ba zan tura wa kowa ba. Ga ni a gabanka. Ɗauki biro."

Ya ɗauka. Na faɗi sunana, da na Baba, da ƙarfi, harafi bayan harafi, yadda nake yi wa masu rajista a asibiti. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu yana kallonmu. Babu wanda ya ɗaga ido a teburin, maigidan ma takalminsa yake kallo. Ni kaina na ji sunan wani iri a bakina, na daɗe ban faɗe shi da Hausa ga Bahaushe ba. Na sa sakatare ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya karanta da ƙyar, muryarsa can ƙasa. Sama ba ta faɗo ba, shayinsu ma bai huce ba.

Daga baya na ji abin da aka riƙa faɗa. Wasu suka ce Maman 'yan biyu ta cika son a sani, wasu suka ce aikin lada ta mayar na suna. Waɗanda suka faɗi haka kuwa kowannensu ƙofar ofishinsa da sunansa a manne, kuma in aka manta da "Dokta" a gaba sai an ji kansu. Matan dai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni haƙuri. Matar sakatare ta yi kuka. Ban riƙe su ba, don da na zauna na lissafa, ni ma akwai uku a cikinsu da ban san sunansu na yanka ba, kuma a ranar na tambaya.

Kafin mako ya zagayo allon ya dawo. Babu zaure, babu jami'a, babu tafi. Sakatare ya ba maigidan a masallaci ranar Juma'a cikin ledar shago, shi kuma ya kawo gida ya ajiye a kan firji. Hoton da ke dandalin ƙungiya ba a cire shi ba, yana nan har muka baro ƙasar, kuma in aka ce na huce a kan wannan an yi ƙarya. Amma da na zare ledar, sunan yana nan a tsakiyar ƙarfe da manyan baƙaƙe, har ana ganin gurbin ƙusoshin tsohon farantin a gefe.

Na jira aka yi sallar Juma'a a Kano na kira. Ƙanwata ta riƙe waya. Baba yana zaune a tabarmarsa a zaure, ya ce, "Uwata, kin ɓuya." Na ce ayyuka ne suka yi yawa. Na ɗaga allon.

Ya ce a miƙo masa tabarau. Ya saka, ya ce, "Matso da shi." Na matso. "Ƙara." Na ƙara har allon ya cika fuskar wayar, ina leƙensa ta gefe. Turancin bai dame shi ba, tsakiyar yake kallo. Na ga leɓunansa suna motsi, harafi bayan harafi, babu sauti. Sunan mahaifiyarsa ne, ga nasa a gefe. Ya daɗe a haka, har ƙanwata ta ce ko waya ce ta tsaya.

Sai ya cire tabarau ya goge ido da bakin rigarsa. Ya ce, "Sun rubuta daidai, uwata."